Ka shigo jiya, yau kana so ka tashi duniyar? Fashin baƙi ga sabon shiga rubutun haɗaka

Duk inda ake rubutun haɗaka a intanet, wato inda mutane da yawa ke gina duniyar labari guda ɗaya kowa na sa hannu, akwai wani saƙo da tsofaffin wurin sun haddace shi tsaf. Sabon shiga ne zai faɗo da zumuɗinsa ya ce jama'a ina da wani gagarumin shiri, labari ne mai littafi uku kowanne babi 40, akwai sabon jarumi da na ƙirƙira wanda ya girmi duniya kuma ba ya mutuwa, shi zai kashe dodon nan da kowa ya kasa kashewa, a ƙarshe komai ya rushe a sake sabon lale, wa zai taya ni? Sai ya ji tsit. Ko kuma wani ya daure ya ce masa to madalla, amma fara rubuta gajere guda ɗaya mu gani tukuna. Shi kuma sai ya ɗauka hassada ce ko raini, ya yi zuciya ya fice, ya je yana cewa 'yan wurin nan ba sa son sababbi.

To ɗan'uwa (ko 'yar'uwa, don matan ma sun fi yawa a harkar fanfik, wato labaran da masoya ke rubutawa a kan fim ko littafin wani), in kai ne wannan sabon shigar, zauna mu warware abin a tsanake. Babu wanda ya ce burinka laifi ne, amma akwai dalilin wannan shirun, kuma yawanci ba hassada ba ce.

Zan ɗauki SCP Foundation, wani shafin rubutun haɗaka na labaran ban tsoro, don a can abin ya fi fitowa fili. Wani zai ce ai SCP ba fanfik ba ne tunda ba daga fim ko littafin wani aka ɗauko ba, e gaskiya ne ta wani ɓangaren, amma duk wanda ya zo bayan mutum na farko a kan aikin wasu yake ɗora nasa, don haka ciwon iri ɗaya ne. A 2007 ne wani da bai ma sa sunansa ba ya saka wani ɗan guntun rubutu a dandalin intanet na 4chan, sashen labaran ban tsoro, ya tsara shi kamar takardar ofis ta wata hukumar sirri da ke tsare abubuwan da suka saɓa wa hankali. Abin da ake tsarewa a takardar, SCP-173, wani gunki ne na siminti da rodi, muddin ana kallonsa ba ya motsi, da an ɗauke ido sai ya zo ya karya wuyan mutum. Dokar da aka rubuta ita ce in za a shiga ɗakinsa kar a kasa mutum uku, biyu su kafe shi da ido, kuma kafin ka ƙifta ido sai ka sanar da abokin aikinka. Shi ke nan fa. Rubutun duka bai kai kalma 300 ba, babu jarumi, babu yaƙi, babu wanda ya ceci duniya. A kan wannan ɗan abin aka gina komai, 2008 aka koma Wikidot, wani dandali da kowa zai iya ƙara shafinsa, yau akwai dubban shafuka, akwai rassa da Rashanci da Sinanci da Japananci da Faransanci da sauransu, 2012 wani ɗan Finland ya yi gem ɗin Containment Breach da ya ƙara jawo mutane rututu. Ka riƙe wannan a ranka: tushen gidan da kake so ka girgiza da babi 120 bai cika feji ɗaya ba.

Abu na farko da sabon shiga ba ya ganewa shi ne masu karatun can ba abokansa ba ne. Mu da muka saba da guruf ɗin WhatsApp ko Wattpad, ka saki feji ɗaya, kafin awa guda an cika ka da "Allah ya ƙara basira", "muna jiran ci gaba", ko da fejin babu komai a ciki sai bayanin kalar lefe. A SCP kowane shafi ƙuri'a ake kaɗa masa, sama ko ƙasa, in ya gangara ya kai -10 to ya shiga layin gogewa, ma'aikatan wurin su sa masa lokaci su share shi. Babu ruwansu da cewa wata uku ka yi kana taifin, babu ruwansu da cewa wannan gabatarwa ce kawai ainihin daɗin yana babi na 12. Wanda ya buɗe shafinka abin da ke gabansa kawai yake auna wa, in bai tsaya da ƙafarsa ba an gama. To ka ga tun daga nan shirin littafi uku ya samu matsala, sbd irin wannan shirin kullum yana dogara ne da alƙawari, ka yi haƙuri da farkon za ka ji daɗi nan gaba, alhali ba ka da wani tarihi a wurin da zai sa a karɓi alƙawarinka.

Abu na biyu ya fi wannan zurfi, kuma shi ne ainihin maganar. A labarin da kai kaɗai ke da shi, duk girman abin da ka yi kai za ka biya kuɗinsa, ka kashe jaruminka kai ka rasa, ka ƙona garin kai za ka san yadda za ka yi da babi na gaba. A duniyar haɗaka kuwa babban buri da aljihun wasu ake biyansa. In ka ce jaruminka ya kashe SCP-682, ƙaton ƙadangaren nan da duk armashinsa shi ne an gwada komai an kasa kashe shi, ka ɗauki abin da mutane suka shafe shekaru suna ƙara masa nauyi ka ƙona shi a layi biyu don kawai a ce naka ya fi ƙarfi. Nauyin da mai karatu zai ji a wannan wurin ba kai ka tara shi ba, aro ka yi, kuma aron da ba a mayarwa. Ka duba tatsuniyar Gizo mana. Babu wanda ya mallaki Gizo, kowace kaka da irin tata, za ka iya kai shi fadar sarki, ka sa ya damfari kura, ka sa asirinsa ya tonu ya sha duka, duk an yarda. Amma ka zo ka ce a tawa tatsuniyar wani yaro mai suna kamar nawa ya fi Gizo wayo, ya sa shi ya tuba ya daina ƙarya har abada, Ƙoƙi ma ta rabu da shi ta bi yaron, kuma daga yau kowa haka zai riƙa bayarwa, wallahi yaran da ke zaune a tabarma ma sai sun ce ba haka ba ne.

Wannan ciwon ya girmi intanet. Tun 1973 wata mai suna Paula Smith ta rubuta wani ɗan gajeren labarin zolaya a wata mujallar masoyan Star Trek, shirin talabijin na jirgin sararin samaniya, ta ƙirƙiro Laftanar Mary Sue, yarinya 'yar shekara 15 da rabi, laftana mafi ƙarancin shekaru a rundunar, kowa na sonta, komai ta iya, ita ke ceton manyan jirgin, ta mutu kowa ya yi ta kuka. Ta rubuta shi ne don ta gaji da ganin irin wannan labarin, kuma har yau da sunan ake kiran duk wani jarumi da marubuci ya cusa a duniyar wasu don kowa ya durƙusa masa. Ni dai ina ganin ana yawan wuce gona da iri da sunan nan, an mayar da shi sandar dukan duk jaruma mace da ta iya wani abu, amma ainihin cutar da ake nufi gaskiya ce. SCP ma ta sha fama da ita a shekarun farko, aka cika wurin da mutane masu ƙarfin tsiya waɗanda wai ana tsare da su amma suna yawo a farfajiya suna shan shayi da manyan daktoci, har tsofaffin marubutan suka koma rubuta labaran da ake kashe irin waɗannan halittu da gangan, a 2009 kuma aka yi gagarumar shara aka goge shafuka da yawa. Don haka in ka zo da "wani mutum ne da ya fi kowa ƙarfi amma yana da kirki", ba wai ba su fahimce ka ba ne, sun gan shi ne tun kafin ka mallaki waya.

Yanzu ga inda abin ya ɗan rikice, don kar in yi maka rabin bayani. A SCP akwai maganar da suke yawan faɗa cewa babu kanon, ma'ana babu wani tarihi guda ɗaya tilo da ya zama dole kowa ya bi, abin da ya faru a labarinka bai ɗaure hannun kowa ba. To ashe kenan kana iya tashin duniyar? Sosai ma kuwa, an tashe ta ba adadi. Wanda ya ci gasar neman lambar SCP-5000 a 2020 labari ne da hukumar da kanta ta juya ta shiga hallaka 'yan adam, kuma mutane sun so shi matuƙa. Lamba 001 ma ba shafi ɗaya ba ce, tarin shawarwari ne daga marubuta daban-daban kowa da nasa bayanin asalin komai, ba a ce ga na gaskiya ba. Kenan babu dokar da ta hana ka. Sai dai wannan 'yancin bai sauƙaƙa maka ba, ya ma ƙara tsananta abin, sbd tunda tashin duniyar da ka yi ba zai canza komai a shafin kowa ba, girman ɓarnar kaɗai ba ya ba kowa tsoro. Mutum biliyan bakwai sun mutu, to sai me, makon jiya ma sun mutu a shafin wani. Abin da zai riƙe mai karatu shi ne yadda ka rubuta shi da kuma wanda ya damu da shi a ciki, kuma a wannan filin kana gogayya ne kai tsaye da mafi gwanintar rubutun da wurin ya taɓa fitarwa. Wannan shi ne ɗaukar Dala ba gammo.

Har rabe-raben da suke yi wa abubuwan ma sababbi na fahimtarsu a baibai. Akwai Safe, akwai Euclid, akwai Keter, sai sabon shiga ya ɗauka matakan ƙarfi ne kamar a gem, don haka nasa dole ya zama Keter ko ma ya ƙirƙiro wani sabon mataki sama da shi. Alhali abin da ake aunawa wahalar tsarewa ce kawai. Ka kulle abu a akwati ka tafi, in babu abin da zai faru Safe ne, in ba ka da tabbas Euclid ne, in ko ta yaya sai ya fita Keter ne. Maɓallin da in an danna duniya za ta ƙare Safe ne muddin babu mai dannawa, kyanwar da ke ɓacewa ta ɓullo a wani gari duk lokacin da ta ga dama kuma Keter ce ko da ba ta taɓa yaƙushin kowa ba.

Bari in nuna maka abin da nake nufi da hannu, da misalin da na ƙirƙira yanzu. A ce maimakon Sarkin Duhu da ya girmi taurari, abin da aka tsare tsohon keken ɗinki ne mai feda, baƙi, fentinsa duk ya goge a inda hannu ke taɓawa. Safe ne, a kulle shi a sito babu abin da zai yi. Abin da ya bambanta shi da sauran kekuna, duk awon da tela ya ɗauka, rigar ba ta fitowa a wannan awon, tana fitowa ne daidai jikin mai ita a ranarsa ta ƙarshe a duniya. Sai ka jero gwaje-gwajen da busasshiyar muryar ofis, babu kuka babu ihu:

Gwaji na 2. An auna namiji, shekara 31, ƙirji inci 42. Rigar ta fito ƙirji inci 34, kafaɗa a ranƙwafe. An kiyasta tsufa mai nisa.

Gwaji na 5. An auna namiji, shekara 26. Rigar ta fito daidai awonsa, sai dai babu hannun hagu. An ɗinke wurin da kyau.

Gwaji na 9. Ba a ba da izinin wannan gwaji ba. An samu wata rigar makaranta ta yarinya a kan keken da safe, awon 'yar shekara 7. Jami'ar da ke kula da gwajin tana da 'ya mai shekara 7. Ta nemi hutu. An ba ta.

Ka ga babu wanda ya mutu a shafin, babu garin da ya ƙone, ba ka taɓa dodon kowa ba, ba ka buƙaci mai karatu ya san tarihin shekara goma ba, amma layin ƙarshen nan zai bi mutum har kan katifa. Kuma ka lura da wani abu da ya fi muhimmanci ga mai dogon buri: ka bar ƙofofi a buɗe. Wa ya ƙera keken? Wane tela ne ya yi shekaru yana aiki da shi, me ya riƙa gaya wa kwastomominsa in rigar ta fito ba daidai ba? Jami'ar nan ta dawo aiki kuwa? Wani marubucin da ba ka taɓa sani ba zai iya ɗaukar ɗaya daga ciki ya rubuta nasa, kuma a duniyar haɗaka wannan ita ce babbar nasara, a ɗauki abinka a yi gini a kai ba tare da ka roƙa ba. Labarin da ya kashe kowa ya rufe komai babu inda wani zai sa ƙafa.

In kana ganin ƙaramin abu ba ya kai mutum ko'ina, ga SCP-055. Marubucin da ake kira qntm ya sa shi tun 2008, ɗan gajeren shafi ne a kan wani abu da duk wanda ya gan shi sai ya manta kamanninsa, har ma a manta akwai shi, iyakar abin da aka iya riƙewa shi ne abin da ba shi ba ne, misali an yarda ba mulmulalle ba ne. Sai a 2015 ya dawo ya fara jerin labarai a kan sashen hukumar da ke yaƙi da abubuwan da ke cinye tunani, kowane kashi yana iya tsayawa shi kaɗai a kaɗa masa ƙuri'a, a hankali abin ya girma har ya kai ga barazanar ƙarewar duniya, 2021 ya zama littafi. Wato ya yi daidai irin abin da kake mafarkin yi, babban labari mai girgiza komai, amma shekara bakwai ne tsakanin ɗan shafin farko da fara dogon, kuma duniyar da ya rusa a ƙarshe mutanen cikinta shi ya gina su da hannunsa har aka damu da su. Da rarrafe yaro kan tashi.

Sai maganar "wa zai taya ni". Gaskiya wannan ta fi komai saurin kashe wa tsofaffi jiki. Sabon shiga na ganin dabarar labarin ita ce zinariya, rubutawa kuma aikin leburanci ne da za a raba wa mutane, alhali a irin wuraren nan kowa na da dabaru fiye da yadda zai iya rubutawa har ya mutu, abin da ke tsada shi ne mutumin da zai zauna ya gama. In ka ce kai ne mai tsari wasu su rubuta babi-babi, ka nemi muƙamin shugaba ne a wurin da ba a taɓa ganin layinka ɗaya ba. Mu ma ai mun sani a nan gida, sau nawa aka fara littafin haɗaka a guruf da ɗoki, marubuta biyar ko shida, a yi fosta mai kyau a sa ranar farawa, feji na 8 ɗaya ta ce wayarta ta lalace, ɗaya jarrabawa, ɗaya ta ji haushi an kashe mata jarumar da ta kawo ba a tambaye ta ba, shi ke nan labari ya mutu a tsaye masu karatu na ta tambaya. Haɗakar da ke ɗorewa yawanci a baibai take farawa: ka rubuta naka, wata ta rubuta nata, ku ga kuna son aikin juna kuma kowa ya ga ɗan'uwansa na iya kai abu ƙarshe, sannan a ce zo mu haɗa. Kuma tun ranar farko a yi maganar da ba a son yi, wa ke da ikon kashe wane, in mutum ya ɓace wata biyu za a ci gaba da jaruminsa ko a jira shi, wa ke da maganar ƙarshe in an saɓa.

Wani abin kuma, ka fara gane wane irin gida ka shiga, don ba duka ne suke kamar SCP ba. Akwai masu kanon mai tsauri. Eric Flint ya fitar da littafinsa 1632 a shekarar 2000, labarin wani ƙaramin garin Amurka mai suna Grantville da aka tsinci shi ɗungurungum a tsakiyar Jamus lokacin yaƙin shekara 30, masoya suka fara rubuta nasu labaran a ciki, maimakon ya hana sai ya buɗe musu ƙofa, daga 2003 aka fara fitar da Grantville Gazette, labaran da aka zaɓa su zama ɓangaren tarihin na gaskiya har a biya marubucin. Amma sharaɗin fa, mutanen garin ƙidayayyu ne, kimanin 3,500, akwai jadawalin da wata masaniyar tarihi Virginia DeMarce ta tsara da sunan kowa da shekarunsa da danginsa da karatunsa. Ba ka da ikon ƙirƙiro wani ƙwararren injiniyan roket ka ce ai yana garin ba a lura ba ne, sai dai ka duba jadawalin ka nemi a ba ka wani da babu mai amfani da shi, wataƙila wata tsohuwa mai kiwon kaji ko yaron da bai gama sakandare ba, ka yi labarinka da shi. A irin wannan gidan tambayar ba "me nake so ya faru" ba ce, "me zai iya faruwa ba tare da na karya labarin mutum 50 ba" ce. Can gefe kuma akwai Archive of Our Own, shafin fanfik da aka buɗe wa jama'a a 2009, wanda har ya ci babbar kyautar adabi ta Hugo a 2019, inda babu mai goge maka rubutu don bai yi daɗi ba, ka sa babi 300 in ka ga dama, ka aurar da duk wanda kake so ga wanda kake so. In abin da ranka ke so kenan babu kunya a ciki ko kaɗan, ka je can ka more, kawai kar ka shiga gidan da ake kaɗa ƙuri'a ka nemi a yi maka dokar gidan da ba a kaɗawa.

Kar kuma a ce na wanke tsofaffin tas. Suna da nasu. A SCP akwai tsarin da sabon marubuci zai fara kai dabararsa a taƙaice, sai gogaggu sun ba shi abin da suke kira girinlait, wato izinin ci gaba, kafin ya kai cikakken daftari wurin masu gyara, tsarin na da amfani don yana hana mutum ɓata wata guda a kan abin da aka riga aka yi sau ɗari, amma yana da illa, dabarar da ke da sauƙin bayani a layi uku ita ke wucewa, wadda daɗinta ke cikin salon rubutu sai ta maƙale, kuma in ba a yi hankali ba kowa sai ya koma rubuta abin da masu ba da izinin ke so. Wasu masu sharhin kuma tsabar gadara ce ke damunsu, sun mayar da zafin baki kamar shi ne ilimi. Don haka ba duk gyaran da aka ba ka za ka haɗiye ba. Yadda nake gani, in mutum uku da ba su san juna ba suka ce sun ɓace a wuri ɗaya, to wurin na da matsala ko da kai kana ganinsa sarai, amma maganin da za su ba ka ba dole ne ya zama daidai ba, sun fi ka sanin inda ke ciwo, kai ka fi su sanin labarin. In kuma aka goge shafinka na farko, kwafe shi ka ajiye, karanta abin da aka faɗa bayan kwana biyu in zuciya ta huce, kar ka shiga ƙarƙashin kowane sharhi kana kare kanka da "ba ku gane ba ne", wannan kalmar ba ta taɓa juya ƙuri'a ko ɗaya ba. Ka kuma riƙa karanta sababbin shafuka ba tsofaffin da suka yi suna a YouTube kaɗai ba, don abin da ya burge mutane a 2009 yau in ka kawo irinsa ƙasa zai yi, har 173 ɗin kansa ana yawan cewa da yau aka sa shi da ƙyar ya sha.

Saura magana ɗaya da mai babban buri ya kamata ya ji tun kafin ya danna komai, maganar haƙƙin mallaka. Duk abin da ka saka a SCP yana ƙarƙashin lasisin Creative Commons BY-SA 3.0, ma'ana kowa a duniya na iya ɗaukarsa ya canza, ya yi gem ko fim ko riga da shi har ya sayar, muddin ya ambaci sunanka kuma ya saki nasa a kan wannan sharaɗin, kuma ba ka isa ka janye izinin daga baya ba. Abin da gaske suke yinsa, hoton da aka san 173 da shi tun farko na wani sassaƙen mai fasaha ɗan Japan ne Izumi Kato, bai dace da lasisin ba, a 2022 suka cire shi duk da cewa shi ne fuskar gidan gaba ɗaya. Shi ma qntm da wani babban kamfanin ɗab'i ya ɗauki littafinsa sai da ya sake rubuta shi ya cire sunayen SCP daga ciki. A fanfik na fim ko littafin wani kuwa abin ya fi haka ƙunci, jaruman ba naka ba ne tun asali, sayarwa ma rigima ce. To in wannan littafi ukun da ke kanka tun kana aji uku da gaske naka ne, duniyarsa da mutanensa da komai, kuma kana mafarkin wata rana ka ga an buga shi da sunanka, kar ka liƙa masa lambar SCP don kawai ka samu masu karatu a shirye. Buɗe masa fayil ɗinsa daban a wayarka ka ci gaba da shi a can, wurin haɗakar kuma ka kai musu abin da ka yarda wani ya ɗauka gobe ya juya shi yadda bai yi maka daɗi ba.